MADUGAN ZAMANI: YADDA SAƘO KE GANE HANYARSA A INTANET

Laccar da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Tofa



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya raya mu, Ya kuma sake tara mu a wannan wuri mai albarka. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta. Ranka ya daɗe shugaban taro, shugaban makaranta, malamanmu na da da na yanzu, yayyenmu da suka riga mu shan ruwan garin nan, abokan karatuna, da ƙannenmu ɗalibai da nake hangowa can baya, ina yi mana barka da zuwa.

Gabatarwa

Ranar da sakataren ƙungiya ya bugo mini waya ya ce ni aka zaɓa in yi magana a bana, sai na tambaye shi ko dai ɓatan lamba ya yi. Ga likitoci, ga farfesoshi, ga injiniyoyin da suka gina gadoji, me za a ji daga bakin wanda mahaifiyarsa ma har yau idan aka tambaye ta aikin ɗanta sai ta ce yana gadin wasu akwatuna ne masu ƙyafta fitila? Ya ce ai dalilin ke nan, a zo a gaya wa jama'a abin da ke cikin akwatunan. To, umarnin manya ba a ƙin sa.

Kowa a nan ya san cewa a 1977 gwamnatin tsohuwar Jihar Kano ta buɗe wannan makaranta tare da 'yar'uwarta ta Dawakin Kudu, domin jihar ta samu likitoci da injiniyoyi 'ya'yanta na kanta. Mu kuwa mun shigo ne 'yan shekaru bayan zuwan wayar salula a 2001, lokacin da mai son gaida gida sai ya nemi mai lema a bakin titi ya biya kuɗin minti. Daga nan na wuce jami'a na karanta injiniyancin lantarki, yanzu kuma ina aikin gwamnati a sashen da ke haɗa ofisoshi da juna ta hanyar sadarwar kwamfuta. Aikina shi ne saita na'urorin da ake kira rauta, da kuma neman inda matsala take idan sun rikice.

Magana ɗaya na zo da ita, sauran duk bayani ne. Wannan intanet da muke gani kamar tsafi, a kan amana aka gina ta. Na'ura tana gaskata abin da maƙwabciyarta ta gaya mata, ita kuma maƙwabciyar abin da wani ɗan Adam ya rubuta mata take faɗa. Saboda haka gaskiya da natsuwar wanda ke zaune gaban na'urar su ne jarin wannan sana'a, kuma a ɗakunan gwaje-gwajen makarantar nan aka fara koya mana su.

Mece ce rauta?

Mu ɗauki ɗan kasuwa a nan Dawanau, ya ɗauki hoton buhun riɗi ya tura wa abokin cinikinsa a Indiya. Wayarsa ba ta aika hoton a dunƙule. Tana yanka shi ne ƙunshi-ƙunshi, kowanne bai cika wuce bayit 1,500 ba, a rubuta masa adireshin mai aikawa da na mai karɓa. Ƙunshin ya tashi daga waya zuwa dogon ƙarfen sabis, daga nan ya shiga wayar gilashi da aka binne a gefen titi, wadda muke kira faiba, har ya iso mararraba. A kowace mararraba akwai rauta. Ita kamar mutum ce da ke zaune a mahaɗar hanyoyi, ya duba adireshi, ya duba littafinsa, ya ce bi nan. Ba ta raka ƙunshin, ba ta kuma damu da abin da ke ciki ba. Zango na gaba kawai take nunawa.

Wannan littafi shi muke kira jadawalin hanya, kuma yana da wata doka da nake so ku riƙe, domin za mu komo kanta. Idan layi ɗaya ya ce duk saƙon Jihar Kano ya bi dama, wani layin kuma ya ce saƙon Dawakin Tofa ya bi hagu, to wasiƙar Dawakin Tofa hagu za ta bi. Watau kullum adireshin da ya fi ƙayyadewa shi ke rinjaye.

To wa ke rubuta littafin? A ƙaramin ofis mai ƙofa ɗaya, da hannu ake rubutawa. Amma manyan rautocin kamfanonin sadarwa suna riƙe da layi kusan miliyan ɗaya, kuma ba a sakan guda wani abu bai canza ba. Babu magatakardan da zai iya wannan. Dole na'urorin su riƙa ba juna labari da kansu.

Kakanninmu sun san wannan matsala tun kafin a yi lantarki. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, watau yankin Salaga a ƙasar Gana ta yanzu, watanni yake yi a hanya. Abin da ya sa madugu ya zama uban tafiya ba yawan jakunansa ba ne, sanin hanya ne. A kowane zango yana tambayar masu dawowa: wane kogi ne ya kawo, wane daji ne 'yan fashi suka tare, wane sarki ne ya ƙara kuɗin fito. Da wannan labari yake yanke shawarar inda za a bi gobe. Madugun da aka yi wa ƙarya a zango kuwa, ya kai ayari ga halaka ko da ya fi kowa ƙwarewa. Rautoci ma haka suke, sai dai su suna da harsuna biyu: na cikin gida da na tsakanin garuruwa.

Zancen cikin gida

A cikin kamfani ɗaya ko ma'aikata ɗaya, harshen da aka fi sani shi ne OSPF, wasu manyan kamfanoni kuma suna amfani da ɗan'uwansa IS-IS. A bisa al'ada kowace rauta tana yi wa maƙwabciyarta sallama duk bayan sakan 10. Idan sakan 40 suka wuce ba a ji ɗuriyar maƙwabciya ba, sai a ɗauka ta faɗi, a sanar da kowa. Kowace rauta tana shelanta wayoyin da ke jikinta da nauyin kowace, har kowa ya samu taswira iri ɗaya ta gidan baki ɗaya. Daga nan kowacce ta zauna ta lissafa hanya mafi sauƙi zuwa ko'ina, da wani lissafi da wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Edsger Dijkstra ya ƙirƙira a 1956, ya buga shi a 1959. Malamanmu na lissafi, Allah Ya gafarta muku, ku ji inda aikinku ya kai.

Misalin abin shi ne direban da zai tashi daga Kano zuwa Katsina. Zai bi ta Dawanau, Bichi da Tsanyawa, domin ita ce mafi kusa. Amma ya san akwai ta Dambatta, Kazaure da Daura. Ranar da aka ce gada ta karye, ba ya tsayawa kuka, sai ya juya. Bambancin kawai shi ne rauta tana juyawa kafin mai waya ya lura.

Saita OSPF ba shi da wuya a rubuce, amma yana da sharuɗɗa. Rautoci biyu ba za su ƙulla maƙwabtaka ba sai lambar unguwarsu ta zo ɗaya, lokacin sallamarsu ya zo ɗaya, kalmar sirrinsu ta zo ɗaya, girman ƙunshin da suka yarda da shi ya zo ɗaya, sannan kowacce tana da lambar shaida tata ita kaɗai. Ɗaya ya saɓa, zance ya ƙare. Akwai kuma wani tarko da ya kama da yawa daga cikinmu. Ma'aunin asali da wasu rautoci ke auna nauyin waya da shi an tsayar da shi ne tun zamanin da megabit 100 ke nan ƙarshen gudu. Don haka idan ba ka gyara ma'aunin ba, na'urar za ta ɗauki faiba mai megabit 1,000 da 'yar hanyar rediyo mai megabit 100 nauyinsu ɗaya, ta raba musu kaya daidai wa daida. Ka ga an ɗora wa jaki kayan tirela. Rabin ma'aikata su ce aiki na gudu, rabi su ce ya tsaya, kuma duk gaskiya suka faɗa.

Zancen tsakanin garuruwa

Idan saƙo zai fita daga wani kamfani ya shiga wani, sai a koma harshe na biyu, watau BGP. Wasu injiniyoyi biyu, Kirk Lougheed na kamfanin Cisco da Yakov Rekhter na IBM, su suka zana shi a 1989 a kan takardar goge hannu suna cin abinci, da nufin a lallaɓa da shi kafin a samu wanda ya fi. Samfurinsa na huɗu ya fito a 1994, kuma shi ke riƙe da duniya har yau.

A nan kowane kamfani kamar masarauta ce mai cin gashin kanta, da lambarta. Mu a Afirka hukumar AFRINIC da ke tsibirin Morishus ce ke raba lambobin da adireshi tun 2005. Masarauta takan gaya wa maƙwabciyarta cewa adireshi kaza na gidana ne. Maƙwabciyar ta ƙara lambarta a kai ta gaya wa na gaba, shi ma ya ƙara tasa. Labarin yana tafe da salsalarsa, wane ya ji daga wane. Idan rauta ta ga lambar gidansu a cikin salsalar, sai ta yar da labarin, don kada saƙo ya yi ta zagaye. Sai dai fa akwai bambanci babba da salsalar da muka sani a makarantar zaure. Malaman hadisi sukan binciki kowane mai ruwaya, gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa. BGP kuwa a yadda aka gina shi ba ya binciken kowa. Duk abin da maƙwabci ya faɗa ya zauna, sai fa idan kai ka sa masa rariya.

Har ila yau, a nan kusanci ba shi ne kan gaba ba, kuɗi ne. Maƙwabta iri uku ne. Akwai wanda yake biyan ka don ka kai masa kaya, akwai tsaranka da kuke musaya kyauta, akwai kuma babban da kai kake biya. Injiniya yakan saita na'urarsa ta fifita na farko, sannan na biyu, sannan na uku. Dokar da ba a karyawa ita ce: hanyar da ka ji daga tsaranka ko daga babbanka, masu biyan ka kaɗai za ka gaya wa. Duk dillalin Dawanau ya san wannan. Ba ka ɗaukar sirrin wani fatake ka kai wa wani, ka kuma ce duk kayansu a rumfarka za a sauke.

Ranar da aka karya dokar

Ranar 12 ga Nuwamba, 2018, da misalin ƙarfe goma na dare agogon Nijeriya, kamfanin MainOne da ke Legas yana cikin aikin inganta na'urorinsa sai aka yi kuskure wajen saita rariyar BGP. Kamfanin yana musaya da Google a cibiyar musayar intanet ta Nijeriya, watau IXPN, kuma hanyoyin da ya ji a can na amfanin masu biyan sa ne kawai. Sai rautarsa ta kwashe hanyoyin Google sama da 200 ta gaya wa China Telecom, shi kuma ya gaskata ya gaya wa wani kamfanin Rasha, labari ya bazu. Saƙonnin mutane a Amurka da wasu ƙasashe masu neman Google suka kama hanyar Rasha da Sin da nufin zuwa Legas, akasarinsu suka maƙale a hanya. Minti 74 aka yi a haka. Jaridun duniya har sun fara zargin leƙen asiri, sai kamfanin ya fito fili ya ce kuskurensa ne, kuma ya gyara. Ni a ganina wannan fitowa ita ce darasi mafi girma a labarin.

Ba mu kaɗai ba ne. Ranar 24 ga Fabrairu, 2008, kamfanin sadarwar Pakistan ya so toshe YouTube a cikin ƙasarsa kawai, sai ya shelanta wani yanki na adireshin YouTube wanda ya fi na masu shi ƙayyadewa. Shelar ta tsallake iyaka ta hannun wani kamfani na Hong Kong. Kun tuna dokar Dawakin Tofa da Jihar Kano? Duniya ta juya ta nufi Pakistan, YouTube ya ɓace kimanin sa'o'i biyu. Ranar 4 ga Oktoba, 2021 kuma, wani umarni da aka bayar lokacin gyara ya yanke hanyoyin cikin gidan Facebook, na'urorinsa suka janye shelarsu daga BGP. Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan sa'o'i shida, da yawa a cikinmu muka yi ta kashe waya muna kunnawa muna zagin kamfanin layinmu, alhali ba ruwansa.

Maganin waɗannan sananne ne. Ka rubuta jerin adireshin da ka yarda kowane maƙwabci ya gaya maka, ka ƙi saura. Ka sa iyakar yawan hanyoyin da za ka karɓa, in ya wuce a katse zance. Sannan ga tsarin RPKI, wanda yake kamar takardar mallakar fili mai hatimi, da ke nuna wace masarauta ce ke da ikon shelanta wane adireshi. Duk ba su da tsada. Abin da suke buƙata shi ne mutum mai kula.

Bin sawun matsala

Jama'a kan ce mini, idan netwok ya ɗauke me kuke yi? Amsa ita ce abin da likita ke yi, tambaya kafin allura. Tambayar farko: yaushe abin ya fara, kuma me aka taɓa kafin nan? Sau da yawa amsar tana nan.

Bayan haka sai a faro daga ƙasa. Akwai wuta? Janareto ya tashi? Haske yana isowa ta cikin faiba, ko mai aikin titi ya tsinke ta da katafila? Wannan na ƙarshe ya yi yawa a ƙasar nan, yana kuma cikin dalilan da suka sa a 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Idan waya lafiya, sai a ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci da umarnin ping, a ji ko zai amsa. Idan ya amsa, sai a duba ko an ƙulla zance. OSPF da ya yi sallama aka amsa amma ya tsaya wajen musayar taswira, kusan kullum girman ƙunshi ne ya saɓa. BGP kuwa yana da wata kalma mai yaudarar sabon shiga. Za ka ga ya rubuta Active, ka yi murna ka ce yana aiki, alhali nufinsa yana ta neman maƙwabci bai samu ba. Sai ka duba adireshi, da lambar masarauta, da ko wani shinge ya rufe ƙofa mai lamba 179 da yake bi. Idan zance ya ƙullu amma hanya ba ta iso ba, to rariya ce ta tare ta. Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa, shi ne hanyar dawowa. Sau nawa muka kwana muna neman laifin zuwa, ashe saƙo yana isa, amsar ce ba ta san hanyar gida ba.

Akwai wani umarni mai bin sawun ƙunshi zango-zango, yana nuna lokacin da kowane ya ci. A nan ne Fiziks ɗin aji huɗu ke biyan bashi. Haske yana gudun kilomita 300,000 a sakan, a cikin gilashi kuwa kimanin 200,000. Kano zuwa Legas wajen kilomita 1,000 ne, zuwa da dawowa 2,000, watau ba zai gaza kashi 10 cikin 1,000 na sakan ba. Idan na ga lokacin ya haura kashi 100, na san ƙunshina ya tsallaka teku ya leƙa Turai. Idan ya kai rabin sakan, ya hau tauraron ɗan Adam mai nisan kilomita 36,000. Ba wanda ya gaya mini, lissafi ne.

Nawa kuskuren

Kada ku ce na zo ina tona asirin wasu. Wata ranar Alhamis da dare, saura kwana kaɗan Babbar Salla, ina zaune a ofis ina share tsofaffin layuka daga wata rauta da ke wani gari mai nisan tafiyar sa'o'i uku. Na ga wani layi da ba a rubuta dalilinsa ba, na ce wannan tarkace ne, na goge. Nan take allo ya daskare. Ashe ta wannan layi ni kaina nake isa ga na'urar, ta nan kuma ofishin can yake isa ga hedikwata. Na sare reshen da nake zaune a kai. Washegari da safe ne kuma za su turo jadawalin albashin ma'aikata.

Akwai dabarar da kowane ɗan koyo ya sani. Kafin ka taɓa na'ura mai nisa, ka umarce ta da ta koma yadda take bayan minti goma idan ba ka dawo ka tabbatar ba. Na san dabarar, ina ma koya wa wasu, amma a daren nan na ga aikin ƙarami ne. Da yake ban adana canjin ba, kashewa da kunnawa kawai zai gyara. Na kira maigadi, ya ce makullin ɗakin yana hannun wani jami'i da ya yi tafiya. Ban runtsa ba. Ina idar da sallar Asuba na kama hanya, aka nemo makulli, aiki ya dawo wajen ƙarfe goma. Allah Ya rufa asiri jadawalin ya shiga kafin a tashi Juma'a. Da ya kwana, da magidanta masu yawa sun yi Salla ba albashi saboda yatsana ɗaya.

Ranar Litinin aka ce in rubuta rahoto. Wani abokin aiki ya ce in rubuta matsalar netwok ce kawai, wa zai gane? Gaskiyarsa, ba mai ganewa. Sai na tuna malaminmu na Kemistiri a ɗakin gwaji na makarantar nan. Ranar da muka kwafi sakamakon wani don namu bai yi kyau ba, ya dube mu ya ce a rubuta abin da ido ya gani, ko da ya saɓa wa na littafi, domin sakamako marar kyau ana iya gano dalilinsa, na ƙarya kuwa ba a iya komai da shi. Na rubuta abin da ya faru. Na sha faɗa, ban kuma ce ban cancanta ba. Amma daga wannan rahoto aka kafa ƙa'ida a sashenmu: ba a taɓa na'ura sai an rubuta abin da za a yi da yadda za a koma baya, wani ya duba ya sa hannu, kuma kowane layi a rubuta dalilinsa a gefe. Allah Ya gafarta malam, idan kana cikin taron nan, ga ladanka ya iso.

Ina muka kwana?

Akasarin manyan wayoyin ƙarƙashin teku da ke haɗa Nijeriya da duniya a Legas suke sauka: SAT-3 da ta fara aiki a 2002, MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano da ta iso a 2022. Ranar 14 ga Maris, 2024, muna farkon azumi, huɗu daga cikin wayoyin gaɓar Afirka ta Yamma suka lalace a tekun da ke kusa da Abijan. Kun tuna yadda aika kuɗi ta banki ya gagara. Waɗanda suka tanadi hanya ta biyu, suka kuma saita ta tun kafin ranar, su suka fara farfaɗowa. Ran wanka ba a ɓoyon cibi.

Mu a Arewa nisanmu da teku ya ninka mana buƙatar masu wannan sani. Saƙon da ya tashi daga Dawanau zuwa Kantin Kwari, idan layukan biyu ba na kamfani ɗaya ba ne, yana iya zuwa Legas ya dawo. An kafa IXPN a 2006 don kayan gida su tsaya a gida, tana kuma da reshe a Kano, amma kasuwa ba ta ci sai da masu kai kaya. Sai jami'o'inmu da ma'aikatunmu da kamfanoninmu sun samu lambar masarauta tasu, sun kuma samu yaran da za su riƙe ta.

Don haka ina roƙon wannan ƙungiya abu uku. Na ɗaya, mu haɗa kwamfutoci ko da goma ne, ko da na hannu ne, da wutar sola da za ta riƙe su. Ba sai an sayi rauta ko ɗaya ba, domin akwai manhajoji na kyauta irin su Packet Tracer da GNS3 da yaro zai gina rautoci ashirin a cikinsu, ya ɓata, ya gyara, ba albashin wanda ya maƙale. Na biyu, mu da ke wannan fage mu riƙa zuwa ko da Asabar ɗaya ce a kowane zangon karatu. Ni na ɗauki ta farko, shugaba ya rubuta sunana. Na uku, duk wanda ke da ofis ya karɓi ɗalibi ɗaya lokacin hutu ya ga aiki da idonsa.

Kammalawa

Ƙannena ɗalibai, umarnin da ake rubuta wa rauta za ku iya haddace su cikin wata shida, kuma wasu za su canza kafin ku gama jami'a. Abin da ba ya canzawa shi ne ku duba kafin ku taɓa, ku taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya, ku rubuta abin da kuka gani, idan kun yi kuskure ku faɗa da wuri. Waɗanda suka kafa makarantar nan a 1977 likitoci da injiniyoyi suka nema, sun kuma samu. Yanzu ayari ya koma cikin gilashi, yana neman madugai.

Malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu da rahama. Waɗanda ke raye, Allah Ya ƙara musu lafiya, Ya saka musu da alheri. Abin da na faɗa daidai daga tarbiyyarku ne, inda na yi kuskure kuwa nawa ne, a gafarce ni. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.